Makiyayi a Tsibirin Golding: Nazarin Lamarin Wani Ɗalibi da Ya Ƙi Littafin Aji

Daga 2011 zuwa 2015, manhajar Adabin Turanci ta hukumar WAEC ta tanadi littattafai biyu a ɓangaren ƙagaggun labaran da ba na Afirka ba, wato Lord of the Flies na William Golding da The Old Man and the Sea na Ernest Hemingway. Kowace makaranta takan ɗauki ɗaya. Duka biyun labaran teku ne, wurin da kusan babu ɗalibinmu ko ɗaya da ya taɓa gani da idonsa. A makarantar da nake koyarwa a lokacin, wata sakandaren kwana ta maza a arewa maso yammacin Najeriya, na Golding muka ɗauka, saboda shi muke da shi a ɗakin karatu, ko da yake sai yara biyu ko uku sun haɗa kai a kan kwafi ɗaya.

Wannan nazari a kan ɗalibi ɗaya ne cikin waɗanda suka karanta littafin tsakanin 2013 da 2014. Na sakaya sunansa da na garinsu. Na zaɓe shi ne domin irinsa ake yawan yi wa tambarin lalaci a wuce, alhali abin da ya hana shi karatu, da abin da ya jawo shi cikin karatun daga baya, duk abubuwa ne da malami zai iya gani in ya tsaya ya duba.

Yaron da littafin

Shekararsa kusan 17 lokacin da ya shiga aji biyu na babbar sakandare, ya ɗan girmi yawancin 'yan ajinsa. Bai shiga boko da wuri ba. Da makarantar allo ya fara, kuma tun yana ƙarami yake bin yayyensa kiwo. Mahaifinsa manomi ne mai 'yan shanu, kuma da damina, idan shuka ta rufe ko'ina, yaran gidan kan kora dabbobin nesa da gonaki su yi kwanaki a daji. Wani kawunsa ne ya dage a sa shi ɓangaren 'yan adabi don yana so ya zama lauya, kuma yawancin jami'o'in Najeriya ba sa ɗaukar mutum karatun lauya sai da kiredit a Adabin Turanci. Wato darasin da ya fi ƙi shi ne wanda ba shi da hanyar kauce masa.

Littafin babi 12 ne. Jirgin sama ɗauke da 'yan makaranta 'yan Birtaniya ya faɗi a wani tsibirin da babu kowa, ana tsakiyar yaƙi, kuma babu babba ko ɗaya da ya tsira. Yaran suka zaɓi Ralph shugaba, suka kafa dokar cewa ba mai magana a taro sai wanda ke riƙe da wani ƙaton kwanson dodon-koɗin teku da suke busawa a kira jama'a. Jack, shugaban 'yan waƙar coci, ya zama shugaban mafarauta. Piggy, mai ƙiba da ciwon asma da gilashin ido, shi ya fi kowa hankali kuma shi ake yi wa dariya. Sannu a hankali tsarin ya ruguje, yaran suka kashe biyu daga cikinsu, kafin wani hafsan sojan ruwa ya iso tsibirin.

Ɗalibin nan a bayan aji yake zama. Kwafin da yake rabawa da abokin zamansa kullum a hannun abokin yake kwana. Idan karatu a bayyane ya kusa zuwa kansa, ko idonsa ya fara ciwo ko ya nemi izinin zagayawa. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, kuma ba ya fashin aji. Ya dai sayi ɗaya daga cikin 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa, ya haddace shi tas. Hadda kuwa ba ta ba shi wahala. A gwajin farko ya zubo mini taƙaitawar nan kalma da kalma, har da wani kuskuren ɗab'i da ke cikinta. Tambaya ɗaya da na yi a kan abin da taƙaitawar ba ta ambata ba, ya bar wurinta fari.

Abin da ya faɗa, da abin da ke ƙasa

Da na tambaye shi dalili, amsarsa a shirye take. "Malam, ni ban ga amfanin labarin yaran Turawa masu cin alade ba."

Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Littafin cike yake da farautar aladu, da jini, da nama ana gasawa, kuma ɗaya daga cikin manyan taurarinsa laƙabinsa ma daga sunan alade aka samo shi. Yaron da ya tashi yana ƙyamar dabbar tun kafin ya iya magana sosai, ba za a ce masa ya ajiye ƙyamar a bakin ƙofar aji ba. Na dai nuna masa cewa marubucin bai yabi farautar ba, daga ita ma lalacewar yaran ta fara. Ya ce to, amma bai buɗe littafin ba.

Sai da na zauna da shi mu biyu bayan la'asar, na ce ya karanta mini shafin farko, sannan sauran abin ya fito fili. Golding ba ya buɗe labarinsa da cewa jirgi ya faɗi. Yaro ne kawai ke saukowa daga kan duwatsu yana ratsa kurmi, wani na kiransa daga baya, kuma sai mai karatu ya tsinto abin da ya faru daga hirarsu. Kalmomin kuwa na gaɓar teku ne da na tsirran kurmi, sai kuma zaurancen 'yan makarantar Ingila na shekarun 1950, wanda ko a ƙamusun da muke da shi ba a samun wasunsa. Yaron yana tafe a shafin nan kamar mai ratsa ƙaya ba takalmi, kowane taku sai ya tsaya ya cire wata. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Akwai kuma kunya. Kamar Hausawa da yawa, yakan haɗa sautin p da f, don haka Piggy a bakinsa Figi ne. Tun yana aji ɗaya aka taɓa yi masa dariya a kan irin wannan, aka bi shi da kwaikwayo har ɗakin kwana. Yaron da ya girmi 'yan ajinsa, wanda a gida shi ake ba amanar garke, ba zai yarda ƙananan yaran birni su riƙa yi masa tsiya a kan harafi ɗaya ba. Ya gwammace a ce ya ƙi karatu da a ce bai iya ba.

Na canza abubuwa kaɗan a ajin baki ɗaya, ba don shi kaɗai ba. Na daina zagayen karatu a bayyane, ni nake karantawa suna bi da ido. Kafin kowane babi nakan rubuta musu a allo kalmomin da in ba a san su ba labarin zai tsaya, sauran kuma na ce a tsallake su. A ƙarshen darasi nakan bar wani ya maimaita abin da ya faru da Hausa, duk da cewa dokar makarantar ta hana Hausa a aji. Wannan ya taimaki yara da yawa. Shi kuwa, har muka gama babi na ɗaya yana nan yadda yake.

Wutar babi na biyu

A babi na biyu Ralph ya ce sai sun hura wuta a kan dutse don jirgin ruwa ya hango hayaƙi. Yaran suka ruga a guje, suka tara ruɓaɓɓen busasshen itace tuli guda, Jack ya fizge gilashin Piggy, aka tara hasken rana da shi, wuta ta kama ta yi sama. Ina cikin karanta wannan sai na ji murya daga bayan aji, ba a ɗaga hannu ba.

"Malam, waɗannan yaran ba su san wuta ba."

Aji ya yi dariya. Na ce ya ci gaba, da Hausa in ya so.

Ya ce busasshen itace harshe yake bayarwa, ba hayaƙi ba. Mai son a hango shi daga nesa ɗanyen ganye yake zubawa a kan garwashi. Ya ce ba a hura wuta a daji sai an share kewayenta an ga ƙasa, kuma sai an duba inda iska ta dosa. Sannan wutar da ake so ta kwana ba da tulin itace ake yin ta ba, gungume ɗaya ake sa wa a rufe da toka, ko busasshen kashin shanu, da asuba a tona a hura. Yana magana yana nunawa da hannu, kuma a karon farko aji ya yi tsit don a saurare shi.

Na ce, "To, duba gaba kaɗan. Akwai yaro ɗaya da ya faɗi abin da ka faɗa. Nemo mini shi."

Ya karɓi littafin daga hannun abokinsa. Ya ɗauki lokaci, yana bin layi da yatsa, har ya samu inda Ralph ke cewa wutar ba ta yi amfani ba don babu hayaƙi, wani yaro mai suna Maurice kuma ya ce a sa ɗanyun rassa. Bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba shi kaɗai har inda wutar ta tsallaka ta cinye gefen dutsen, da inda Piggy ya tambayi ina ƙaramin yaron nan mai tabo a fuska, aka neme shi aka rasa. Washegari ya zo da fushi a kan wannan. Ya ce makiyayi ko bai ƙirga ba, da ido yake sanin wadda ba ta dawo ba, ta yaya za a ce manyan yara ba su san adadin ƙannensu ba? Piggy ma a littafin abin da ya yi ƙorafi a kai ke nan.

A ganina nan ne lamarin ya juya, kuma ba don labarin ya yi masa daɗi ba. Turancin yana nan da wuyarsa. Abin da ya canza shi ne a shafin nan ya fi taurarin labarin sani, kuma an ba shi dalilin neman wani abu takamaimai a cikin rubutun. Wanda ke neman abu a shafi yakan tsallake kalmar da bai sani ba ya wuce. Wanda aka ce ya karanta don kawai a ji shi, kowace kalma tarko ce.

Gilashin Piggy

Bayan 'yan kwanaki ya tare ni da wata tambayar. Bai yarda gilashin ido zai kunna wuta ba, balle da yamma rana ta yi sanyi, kamar yadda littafin ya nuna. Shi ƙyastu da audugar rimi ya sani a wurin tsofaffi, sai ashana. Lokacin bazara ne, rana kamar ta fasa kai, don haka na ce mu gwada.

Da tsakar rana muka fita bayan aji da busasshiyar ciyawa da takarda. Wani ɗalibi da ba ya gani daga nesa ya ba da aron gilashinsa. Aka juya shi ta kowace fuska, hasken bai taru ba, sai ma wata inuwa mai faɗi da ta kwanta a kan takardar. Aka karɓo gilashin ƙara girman abu daga ɗakin gwaje-gwaje, nan take hasken ya dunƙule ya zama ɗigo, takarda ta yi baƙi ta fara hayaƙi. Malamin fiziks ya yi musu bayani: gilashin mai matsalar hangen nesa siriri ne a tsakiya, warwatsa haske yake yi, wanda ke tara haske kuwa shi ne mai kauri a tsakiya, irin na karatu da tsofaffi ke sawa. Masu sharhi sun daɗe da lura da wannan a littafin, tunda alamu sun nuna matsalar Piggy ta hangen nesa ce.

Yaron ya dube ni. "Wato Malam, mai littafin ya yi kuskure?"

Na ce ya yi.

Sai ya tambayi wane ne mutumin, ko ya taɓa zama a daji. Na gaya masa an haifi Golding a 1911, malamin makarantar maza ne a garin Salisbury na Ingila, ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya a 1940, kuma yana cikin waɗanda suka kai farmakin Normandy a 1944. Littafin ya fito a 1954, marubucin kuma ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1983. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To shi ya sa. Ya san yara, ya san yaƙi, wuta ce bai sani ba."

Ina ganin wannan hukunci ne mai adalci, kuma yana da muhimmanci ga yaron da ya tashi a tsarin da rubutaccen abu ba a ja da shi, haddace shi ake yi. Wannan ladabi a wurinsa yake ga Littafin Allah. Matsalar ita ce ya shimfiɗa shi a kan duk wani abu da aka buga da inji, har da taƙaitawar kasuwa mai kuskure. Ranar da ya ga cewa ƙagaggen labari aikin mutum ne da za a iya kamawa da kuskure, ranar ya samu damar yi masa tambaya.

Abin yana da nasa haɗari. Na ɗan lokaci ya koma karatu don farautar kurakurai kawai: bukkokinsu ba za su tsaya ba, ba haka ake bin sawun dabba ba. Sai na riƙa karɓar kowane gyara, in kuma haɗa masa da tambaya ɗaya a kan dalilin da ya sa wani yaro a labarin ya yi abin da ya yi.

Daga goyon bayan Jack zuwa daren Simon

A babi na huɗu jirgin ruwa ya wuce ta nesa alhali wutar ta mutu, domin Jack ya kwashe masu gadinta sun tafi farauta. Yawancin aji suka tsine wa Jack. Shi kuwa ya tsaya masa. Ya ce 'ya'yan itace ba sa riƙe ciki, Ralph sai taro da surutu, wanda ya kawo abinci shi ne shugaba. An yi muhawara mai zafi, kuma don ya kare matsayinsa dole ya koma littafin ya nemo hujja. A nan ya ci karo da inda Jack ya mari Piggy har ido ɗaya na gilashin ya fashe, da inda ya hana shi nama. Wannan bai yi masa daɗi ba. Ya ce a wurinsu wanda ya riƙe abinci shi ke ci a ƙarshe.

Babi na tara ne ya yi masa nauyi. Cikin dare, ana ruwa da tsawa, yaran na rawar farauta, ɗayansu mai suna Simon ya fito daga kurmi don ya gaya musu cewa dodon da suke tsoro a kan dutse gawa ce. Suka ɗauke shi dodo, suka rufe shi da duka har ya mutu. Ralph da Piggy suna wurin. A babi na goma Ralph ya kira abin da sunansa, kisan kai, Piggy kuma ya dage cewa duhu ne da tsoro da tsautsayi, wasu tagwaye cikin yaran kuma suka ce su da wuri suka bar wurin.

Na ba da aikin gida a kan wannan hira. Abin da ya kawo mini shafi biyu ne da Turanci mai kurakurai a kusan kowane layi, kuma shi ne rubutu mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Rabinsa a kan Ralph da Piggy ne. Sauran rabin a kan wani dare ne a ɗakin kwana lokacin yana aji ɗaya na babbar sakandare, da aka zargi wani ƙaramin ɗalibi da satar kuɗi, aka kashe fitila, aka dake shi da bel da bokiti. Daga baya kuɗin suka fito a wani wurin daban. Hukumar makaranta ta hukunta waɗanda suka jagoranci dukan tun a lokacin. Shi bai daki kowa ba, in ji shi, ƙofa ya riƙe don kada yaron ya fita. Ya rubuta cewa tun daga ranar abin da Piggy ya faɗa yake faɗa wa kansa.

Ban karanta wa aji wannan ba, kuma ban sa jan biro a rabin na biyu ba. Na kira shi na ce haƙƙin yaron yana nan, kuma ya fi ni sanin abin da addini ya ce game da neman yafiya. Ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Duk malamin da zai koyar da littafi irin wannan a makarantar kwana ya kwana da shirin cewa wasu yaran ba labari suke karantawa ba, abin da suka gani ne ko suka aikata.

Dodon da ke kan dutse

Mun sake bin littafin a aji uku don bita, kuma a lokacin ƙasar ta canza wa 'yan makarantar kwana. A Yulin 2013 an kai hari makarantar sakandaren Mamudo a jihar Yobe, a Fabrairun 2014 kuma aka kai wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, duka cikin dare, duka an kashe ɗalibai. Muna nesa da can, amma yaranmu da takalmi suke kwana. Wani dare ƙarar faɗuwar kwano ta sa ɗaki guda ya watse ta taga.

Amsar da taƙaitawar kasuwa ke bayarwa game da dodon littafin ita ce babu wani dodo, muguntar da ke cikin zuciyar yaran ce, kuma Simon ma ya faɗi kusan haka a babi na biyar. Da na maimaita wannan, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, amma akwai gawa a kan dutsen. Ba mafarki suka yi ba."

Gaskiyarsa. A babi na shida an yi yaƙin jirage a sama cikin dare yaran na barci, gawar wani soja ta sauko da lema ta maƙale a kan dutse, iska na ɗaga ta tana sunkuyar da ita. Ya ce to manya ne suka jefo musu dodon, manya ne suka tada yaƙin da ya kai su tsibirin, kuma hafsan da ya zo a ƙarshe yana yi musu faɗa daga jirgin yaƙi ya sauko. Masana sun rubuta irin wannan fahimta, amma shi ba a wurinsu ya samo ta ba. Yaro ne da ke kwana cikin tsoron abin da manya suka haddasa, ya gane shi a shafi.

Gardamar da bai janye ba

Har muka rabu bai yarda da babban jigon littafin ba. Ya ce yara ba haka suke zama ba in babu manya. Su a daji babba ke raba aiki, ana sallah a kan lokaci, in an yi faɗa a raba mutum biyun har su huce. Ya kuma lura cewa bai ga inda yaran littafin suka taru suka yi addu'a ba, alhali wasunsu 'yan waƙar coci ne. Na gaya masa cewa Golding martani yake mayar wa wani tsohon littafi na ƙarni na 19, The Coral Island na R. M. Ballantyne, inda yaran Birtaniya suka faɗa tsibiri suka zauna cikin ladabi da jarumta, har sunayen Ralph da Jack daga can ya aro su. Mutumin da ya ga Yaƙin Duniya na Biyu bai yarda da wancan hoton ba. Yaron ya ce ya ji, amma wancan ya yi ƙari ta gefe ɗaya, wannan ma ya yi ta ɗaya gefen.

Shekaru bayan haka, a 2020, wani labari na gaske ya bazu a duniya ta hanyar marubucin tarihi ɗan Holan, Rutger Bregman. A 1965 wasu yara shida 'yan makarantar kwana a Tonga, cikin Tekun Pasifik, suka ɗauki kwalekwale suka gudu. Guguwa ta lalata shi, suka yi kwana 8 ruwa na yawo da su, suka faɗa tsibirin Ata da babu kowa. Wata 15 suka yi a can, har wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya gano su a Satumbar 1966. Sun raba aiki bibbiyu, sun yi lambu, sun tara ruwan sama a kututturan da suka rarake, sun riƙe wuta ɗaya fiye da shekara ba ta mutu ba. Da waƙa da addu'a suke buɗe yini su rufe shi. In biyu sun yi faɗa sai a raba su har su huce. Ɗayansu ya karye a ƙafa, suka ɗaure ta da itace da ganye, ta warke.

Kusan duk abin da ɗalibin nan ya lissafa yana cikin wannan labari. Wannan bai rushe littafin Golding ba: yaran Tonga shida ne, abokan juna ne, sun kuma tashi a bakin teku, na Golding kuwa taro ne na waɗanda yawancinsu ba su san juna ba, kuma shi ɗalibin da kansa ya rubuta abin da taro ke iya yi cikin duhu. Amma gardamarsa tana da ƙafar tsayawa, ba taurin kai ba ce.

Jarrabawa

A jarrabawar gwaji aka tambayi abin da kwanson dodon-koɗin yake wakilta. Ya rubuta layi uku a kan doka da tsari, sannan ya cika shafi yana bayanin cewa kwanso ba ya riƙe jama'a in shugaba ba ya ciyar da su. Malamin da ya duba takardar ya bi tsarin ba da maki, ya ba shi kaɗan, kuma bai zalunce shi ba. Tsarin yana neman sanannun maki da hujja daga littafi, cikin Turanci mai tsabta. Abin da ya sa yaron ya karanta littafin shi ne abin da jarrabawar ba ta biya.

Sauran makonnin a kan wannan muka yi aiki. Na koya masa ya fara ba da abin da aka tambaya, kowane batu da abin da ya faru a labarin a matsayin hujja: zaɓen Ralph, dokar riƙe kwanso kafin magana, ranar da Jack ya ce kwanson ba ya aiki a ɓangarensa na tsibirin, da yadda ya farfashe lokacin da Roger ya turo dutsen da ya kashe Piggy. Ra'ayinsa kuma ya ajiye shi a sakin layi na ƙarshe, gajere. Hujjojin ba su ba shi wahala ba, don ya san inda kowanne yake. Rubutun Turancin ne bai gyaru sosai ba, kuma ba a gyara irin wannan a zango ɗaya.

Ya rubuta WAEC a 2014, ya samu C6 a Adabin Turanci, wato ƙaramin kiredit, wanda shi ne ake buƙata. Littafin Golding ya karanta shi daga babi na biyu har ƙarshe, wasu wuraren sau da yawa, babi na ɗaya kuwa bai taɓa komawa kansa ba. Ƙagaggen labarin Afirka da muka ɗauka a manhajar, Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, Turancinsa ya fi sauƙi kuma a Najeriya labarin ya faru, amma rayuwar gidan attajiri a Enugu ba ta ba shi wurin da zai ce ya fi taurarin sani ba. Ya karanta babin farko-farko, sauran ya koma wa taƙaitawarsa ta kasuwa.